Awon lumfashi da awon huhu: gwajin kusun bincike da matsalar kalmominsa cikin Hausa

0. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala iri biyu ce. Ta farko, a bayyana wa mai karatu wanda ba likita ba yadda masu binciken cututtukan ƙirji suke auna aikin huhun ƙaramar dabbar nan da suke kiwo a ɗakunan gwaji, wato kusu. Ta biyu, a duba kalmomin da Hausa za ta faɗi wannan ilimi da su ba tare da ma'ana ta karkace ba. Abin da muke son nunawa shi ne, akwai abubuwa biyu da ake yawan haɗewa da suna ɗaya, wato awon lumfashi da awon huhu. Masana kimiyya kansu sun yi shekaru suna gardama a kan wannan haɗewa, alhali nahawun Hausa yana da abin raba su, in mai fassara ya kula.

Mun ɗauko misalanmu daga Hausar gundumomin Madawa, Buza da Keita cikin jahar Tawa, ɓangaren da karin Adar, wanda Bernard Caron ya yi wa cikakken nazari cikin littafinsa na 1991, yake da rinjaye a yawancinsa. Shi ya sa muka zaɓi lumfashi da kusu maimakon numfashi da ɓera na Hausar Kano. Jam'in kusu shi ne kusa, da dogon wasali. Tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, kuma kalmar za ta rikice da kusa kishiyar nesa, in jam'i ya zama dole za mu ce ɓeraye.

1. Abin da ya haɗa Adar da kusun bincike

Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, wadda babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi. A Adar iskar takan tarar da tuddan duwatsu marasa itatuwa da kwaruruwa masu ƙasa mai laushi, ta ƙara kwasa. An daɗe ana yaƙi da ita ta fuskar noma: tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, ƙasar Buza, don karya ƙarfin iska, sa'an nan a 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da kulawar FAO. Waɗannan ayyuka gona suka dosa. Amma iskar da ke share gona ita ce ke shiga ƙirjin yaro, tare da hayaƙin icce da kara na madafa, da ƙaiƙayin sussuka da shiƙa lokacin kaka. Ciwon haƙarƙari, wanda ake kira limoniya, yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar, tare da zazzaɓin cizon sauro da zawo. Bugu da ƙari, yankin yana cikin ɗamarar sanƙarau da likitan Faransa Lapeyssonnie ya shata a 1963.

Kowa ya san lokacin ƙura lokacin tari ne. Sai dai zuwan abu biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haddasa ɗayan, kuma ba mai yarda a shaƙa wa yaro ƙura don a ga abin da zai faru. A nan kusu ya shigo. A 2017 aka buga wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin cibiyar CERMES ta Yamai da jami'ar Libaful ta Ingila. An bi yanayin iska da yawan masu sanƙarau a Nijar har shekara 8, aka ga cutar tana ƙaruwa in ƙura ta yawaita ko zafi ya haura digiri 39,5. Sa'an nan aka ɗauki ɓeraye masu ɗauke da ƙwayar numokok a hanci ba tare da ta yi musu lahani ba, aka shaƙa musu ƙura ko aka sa su cikin zafi. Sai ƙwayar ta bar hanci ta sauka huhu, ta bazu cikin jiki. An ga kuma ƙura tana rage ƙarfin ƙwayoyin jikin da aikinsu cinye ƙwayar cuta.

Wannan bincike ƙwayoyin cuta ya fi bi. Tambayar da ke biye masa ita ce: huhun da ya sha ƙura ko hayaƙi, yaya aikinsa yake komawa? Amsarta sai da awo.

2. Wace dabba ce, kuma mene ne girmanta

Matsalar kalma tun daga sunan dabbar ta fara. Faransanci yana raba souris da rat. Hausa kusu take ce wa duka biyu. A ɗakin gwaji kuwa dabbobi biyu ne daban: na farko nauyinsa giram 20 zuwa 30, na biyu yakan ninka shi sau goma ko fiye. A wannan maƙala ƙaramin muke nufi, kuma muna ba da shawara a riƙa cewa ƙaramin kusun bincike da babban kusun bincike duk inda rikici zai iya aukuwa. Waɗannan dabbobi zuriya-zuriya ake kiwonsu, ana haɗa ƴan ciki ɗaya har su zama kamar tagwaye. Sanannun zuriyoyi su ne BALB/c, C57BL/6 da A/J, kuma huhunsu ba ya amsa magani iri ɗaya.

Duk wahalar awon daga ƙanƙanta ta fito. Huhun babban mutum, in ya cika maƙil, yakan ɗauki iska kamar lita 6, wato cikin kwalabe huɗu na lita ɗaya da rabi; na kusu kamar mililita 1. A shaƙa ɗaya ta hutu mutum yakan ja mililita 500, kusu kuwa 0,15 zuwa 0,2, kwatankwacin ɗigon ruwa uku ko huɗu. Mutum yana lumfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kusu fiye da sau 150, in ya firgita ya wuce 300. Faɗin bututun maƙogwaronsa kamar milimita 1 ne. Saboda haka iskar da ke cikin bututun na'urar kanta tana iya fin wadda ake son aunawa yawa, ƴar ɗigar iska kuma ta ɓata lissafi baki ɗaya.

3. Yadda ake auna mutum

Awon mutum ya dogara ga magana. Likitan Ingila John Hutchinson ne ya gabatar da ma'aunin busa a 1846: mutum ya ja iska iya ƙarfinsa, ya busa cikin bututu har ta ƙare, a karanta yawanta. A 1947, a Paris, Tiffeneau da Pinelli suka ƙara lokaci cikin lissafin, wato yawan iskar da ke fita cikin daƙiƙar farko, abin da likitocinmu masu karatun Faransanci suke taƙaitawa VEMS. In wannan adadi bai kai kashi 70 cikin ɗari na dukan iskar da aka busa ba, alama ce hanyoyin iska sun ƙuntata.

Gwajin duka umurni ne: ja, riƙe, busa, ƙara busawa. Wanda ba ya jin umurni ba a iya yi masa shi, kamar jariri, ko wanda ya suma, ko dabba. Dabarun awon kusu duka hanyoyi ne na kewaye wannan rashin magana.

4. Hanyoyi uku

4.1. Kusu a sake cikin akwati

Ana saka dabbar cikin ƙaramin akwatin roba mai garai-garai, a rufe, tana yawonta. Iskar da ta shaƙa takan ɗumama ta jiƙa cikin ƙirji, sai ta ɗan kumbura, matsin iskar akwatin ya ɗan motsa. Na'ura tana rubuta wannan motsi. Drorbaugh da Fenn ne suka ƙago dabarar a 1955 don jarirai. Amfaninta a bayyane yake: ba yanka, ba maganin barci, ana iya auna dabba ɗaya yau da gobe da wata mai zuwa, kuma ana samun saurin lumfashi da kimanin zurfinsa.

A 1997 Hamelmann da abokan aikinsa a Denba ta Amurka suka nuna cewa wani adadi da ake cirowa daga siffar zanen fitar iska, mai suna Penh, yana hawa in hanyoyin iska sun ƙuntata. Saboda sauƙinsa ɗakunan gwaji suka rungume shi. Amma adadin ba shi da ma'auni, ba lita ba ne ba matsi ba, kuma yana motsawa da zafin akwati, da danshinsa, da toshewar hanci, da tsoron dabbar. Kusu ta hanci kaɗai yake lumfashi, don haka majina ma tana iya ɗaga shi alhali huhu lafiya lau. A 2004 wani gungun masana aikin huhu, Jason Bates da Charles Irvin a gaba, suka buga wasiƙar gargaɗi cewa kada a ɗauki Penh a matsayin awon ƙuntatar hanyoyin iska sai an tabbatar da shi ta wata hanya.

4.2. Kusu a riƙe

A nan ana zura jikin dabbar cikin bututu, kai a waje, da ƙawanyar roba a wuya mai raba iskar jiki da ta kai. Motsin ƙirji yana tura iskar bututun, a auna gudunta kai tsaye. Da irin wannan tsari Yves Alarie ya kafa gwajinsa na 1966 na abubuwa masu yaji a hanci: ana neman yawan gubar da za ta rage saurin lumfashin kusu da rabi. A lura da kyau, ragewa muka ce. Abin da ke harzuƙa hanci yana sa kusu ya jinkirta lumfashi. Aibin hanyar shi ne riƙon kansa yana tsorata dabbar, tsoro kuma yana sauya abin da ake aunawa.

4.3. Kusu a sume, na'ura tana hurawa

Ana yi wa dabbar maganin barci, a zura siririn bututu cikin maƙogwaro, a haɗa da na'urar hura iska da kwamfuta ke sarrafawa. An saba saita ta sau 150 a minti, mililita 10 ga kowane kilo na nauyi. Yanzu mai bincike ya san iskar da ya tura, yana kuma auna matsin da ya ci kafin ta shiga.

Zugazugin maƙeri zai taimaka mana. Ƙarfin da mai zuga ke sawa yana tafiya wuri biyu: wani wajen tura iska ta ƙunƙuntar baki, wani wajen lanƙwasa fata. In bakin ya toshe da toka, zuga ta yi nauyi. In fatar ta bushe ta ƙandare, nan ma ta yi nauyi. Nauyin ɗaya ne a hannu, amma dalilin biyu ne, gyaran ma biyu. Haka huhu:

(1) matsi = (turjiya × gudun iska) + (tauri × yawan iska)

Don a raba su da kyau, na'urar takan tsayar da hurawa na ƴan daƙiƙu, ta girgiza iskar da sauri iri-iri a lokaci ɗaya, daga kamar sau 1 zuwa sau 20 a daƙiƙa. Girgiza mai sauri ta fi nuna halin bututu, mai sannu ta fi nuna halin naman huhu. Arthur DuBois ne ya fara wannan dabara ga mutane a 1956. Hantos na Hangari da abokansa suka ba da lissafin fassara ta a 1992. Schuessler da Bates kuma, a Mantiriyal ta Kanada, suka bayyana na'urar ƙananan dabbobi a 1995, wadda daga gare ta flexiVent ta fito.

Da wannan ne ake bambanta cututtuka. Ga kusun da aka ɗora wa ciwo mai kama da fuka, in aka fesa masa maganin metakolin mai tsuke hanyoyin iska, turjiya takan yi tsalle fiye da ta lafiyayye. Ga wanda aka ba bileyomisin, huhu yakan yi tabo, tauri ya ƙaru. Ga wanda ya daɗe yana shaƙar hayaƙin taba, bangon ƴan jakunkunan iska yakan lalace, tauri ya ragu, huhu ya saki kamar tsohuwar roba. Kuɗin wannan daidaito shi ne, dabbar ba ta cikin halinta na rayuwa, kuma sau da yawa awon ne ƙarshenta. Bates da Irvin sun taƙaita lamarin a 2003: gwargwadon daidaiton awo, gwargwadon nisan dabba daga yanayinta na asali. Shi ya sa ƙa'idoji uku na Russell da Burch na 1959 suke aiki a nan: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala.

5. Kalmomi

5.1. Mai aiki da abin yi wa aiki

A dubi waɗannan jimloli:

(2) a. Kusu yana lumfashi.
b. Ana hura huhun kusu.

A (2a) kusu ne mai aikin. Lumfashi abu ne da mai rai ke yi, kuma ƙwaƙwalwa, da hanci, da tsoro, da zafin jiki duk suna da hannu a ciki. A (2b) huhu karɓau ne, abu ne da ake gwada halinsa kamar fata ko roba. Hanyoyin 4.1 da 4.2 suna tsaye bisa (2a), ta 4.3 bisa (2b). Faransanci yakan lulluɓe duka da fonction respiratoire. Muna ba da shawara Hausa ta raba: awon lumfashi ga na farko, awon huhu ga na biyu. Rigimar Penh, in aka faɗe ta da waɗannan kalmomi, jimla ɗaya ce: an yi awon lumfashi, an ba da rahotonsa da sunan awon huhu.

5.2. Turjiya

Ƙamus zai iya kai mai fassara daga résistance zuwa juriya. A kwatanta:

(3) a. Juriyar hanyoyin iska ta ƙaru.
b. Turjiyar hanyoyin iska ta ƙaru.

Duk Bahaushen da ya ji (3a) zai ce an samu sauƙi, domin juriya yabo ce. Abin da likita ke nufi kuwa akasin haka ne: hanya ta tsuke, ciwo ya tsananta. Turjiya, daga turje, ita ce abin da rago ke yi in ana jansa kasuwa. Tana ɗauke da ma'anar abin da ke hana wucewa, wanda sai an sa ƙarfi. Ita ta dace. Kuma a keɓe ta ga wannan ma'ana, a bar bijire wa magani ga ƙwayar cutar da ta daina jin magani, ko da yake Faransanci kalma ɗaya yake ba su.

5.3. Huruwa

Kishiyar tauri ita ce compliance, wato yawan iskar da ke shiga huhu a kan kowane ma'aunin matsi. Cikin Faransancin asibiti kalmar tana kuma nufin bin umurnin likita wajen shan magani, har mai fassara ya rubuta biyayya. Laushi ma bai yi ba, domin yana jawo tunanin abu mai kyau, alhali mun ga a 4.3 cewa yawansa ma ciwo ne. Mafita tana cikin aikatau aji na 7 bisa tsarin Parsons, wanda a lokaci mai ci yake nuna yiwuwar aiki: yana gyaruwa, ba ya ɗaukuwa. Daga hura sai mu sami:

(4) a. Huhun yana huruwa.
b. Huhun ba ya huruwa sosai.
c. Huruwar huhun ta wuce kima.

Kalmar ba yabo ba zargi, tana karɓar ƙari da ragi, kuma tushenta yana tuna wa mai karatu cewa wani ne ke hurawa, wato muna fagen awon huhu.

5.4. Jerin shawarwari

saurin lumfashi: fréquence respiratoire
shaƙar hutu: volume courant
gudun iska: débit
matsi: pression
turjiya: résistance
tauri: élastance
huruwa: compliance
ma'aunin busa: spiromètre
akwatin awon lumfashi: pléthysmographe

Kalmomin gida irin su haki, nishi, shessheƙa da fuka, wadda a Adar ake furtawa huka, a bar su a matsayinsu na bayanin abin da kunne ya ji ko ido ya gani. Fuka musamman tana da haɗari, tun da tana cikin tarin fuka, wanda cuta ce daban mai ƙwaya da magani nata. In asma ake nufi, a ce asma.

6. Daga ɗakin gwaji zuwa ɗakin shan magani

Awon da ran yaro ya rataya a kansa a ƙauyukan Buza ko Keita, ko a sashen yara na asibitin Madawa inda ƙungiyar likitocin MSF ta fara aiki a 2006, shi ne ƙidayar lumfashi da agogo. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, lumfashi ya yi sauri in ya kai 60 a minti ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Ana kuma duba ko ƙasan ƙirji yana faɗawa ciki lokacin shaƙa. Inda akwai ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, iskar jini ƙasa da kashi 90 cikin ɗari alamar haɗari ce.

Wannan ƙidaya ƴar'uwar akwatin 4.1 ce. Tana da araha, ba ta cutarwa, ana iya maimaita ta, kuma tana da irin rauninsa: kuka, zazzaɓi da ƙarancin jini duk suna ɗaga ta, shi ya sa ake jira yaro ya natsu, a ƙidaya minti cikakke. Awon lumfashi ce. Tana cewa a ba da amokisilin ko a tura yaro gaba, kuma a wannan aiki ta ceci rayuka masu yawa. Ba ta faɗin turjiya ko tauri.

Haka nan sakamakon kusu yana da iyaka. Huhunsa na dama kashi huɗu ne, na hagu ɗaya, na mutum kuwa uku da biyu. Ba ya kamuwa da asma da kansa, ɗora masa ake yi. Mun kuma ga cewa abu mai yaji yana rage masa saurin lumfashi, alhali ciwon haƙarƙari ƙara wa yaro sauri yake. Mai fassara labarin bincike don rediyo ko takardar horar da ma'aikatan lafiya, in ya rubuta cewa ƙura tana ɓata huhu, dole ya faɗi na wa, na kusu ko na mutum, kuma da wane awo aka gani.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa hanyoyin auna kusu uku ne, kuma kowace tana amsa tambayarta: biyu suna duban abin da dabba ke yi, ɗaya tana duban halin huhu. Mun ba da shawarar awon lumfashi da awon huhu don riƙe wannan bambanci, turjiya a madadin juriya, huruwa a madadin laushi ko biyayya. Waɗannan kalmomi daga tebur suka fito, kuma kalma ba ta zama sai baki ya karɓe ta. Aikin da ya rage, wanda ya dace da ɗaliban digiri na biyu, shi ne a kai jimlolin (3) da (4) ga malaman asibiti, ungozoma da iyaye mata a Madawa, Buza da Keita, a tambayi kowa abin da ya fahimta: yaron sauƙi ya samu, ko jikin ya tsananta? Kalmar da amsarta ta rabu biyu sai a sake ta.